Kwalliyar da ba ta tona shekaru: kayan wane kamfani suka dace da fatar manya?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Masu harkar kwalliya, ku taimaka da shawara. Mace ta haura shekara 45 ko 50, tana son fuskarta ta yi fes amma kada a gane an yi shafe-shafe. Kayan wane kamfani ya kamata ta saya? Ana ta ambaton Zaron, Tara, Mary Kay, MAC, Maybelline, har mutum ya rasa na kamawa. Koken da aka fi yi guda biyu ne: ko hoda ta taru a layukan gefen ido da gefen baki, ko fuska ta fito toka-toka a hoto.

Anti Hauwa Mai Kwalliya:
Wa alaikumus salam Maman Sadiq. Babu kamfanin da za a ce duk kayansa sun dace da fatar manya. Kowanne cikin waɗanda kika lissafa yana da fandeshin (shafin da ake daidaita launin fuska da shi) mai busar da fuska, yana kuma da mai laushi, kuma yawancin wanda ake tallatawa a garin nan mai busarwa ne, domin 'yanmata masu maiƙon fuska aka nufa da shi.

Ɗauki Maybelline kawai. Fit Me iri biyu ne: Matte + Poreless, mai shanye maiƙo, da Dewy + Smooth, wanda aka yi don busasshiyar fata. Suna ɗaya, kwalba kusan iri ɗaya, amma a fuskar mai shekara 55 kafin la'asar za ki ga bambancinsu ƙarara. MAC ma haka. Studio Fix yana rufe komai ya bushe ƙam, Face and Body kuwa ruwa-ruwa ne, ana hango fata ta cikinsa. A Fenty, Pro Filt'r Soft Matte shi ne mai busarwar, Eaze Drop shi ne mara nauyin.  Idan kin shiga shago kada ki ce "a ba ni MAC". Ki ce a ba ki mai ruwa, mara kauri, wanda ba ya bushewa ƙam, sannan ki ga wane kamfani ne yake da launinki.

Hajiya Rabi Kemis:
Bari in ƙara dalilin abin da Hauwa ta faɗa. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin estirojin yana raguwa, fata ta rage fitar da maiƙo, ta kuma rage riƙe ruwa. Kolajin, wanda shi ne yake sa fata ta cika ta yi tsam, yana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru 5 na farko. To hoda gari ce, tana shan ɗan danshin da ya rage, sannan duk motsin fuska, dariya ko magana, yana tura ta cikin layuka. Layin da ba a lura da shi ba da safe sai ya fito sarai saboda an cika shi da abu mai haske.

Mu masu duhun fata tamoji yana jinkirin zuwa mana fiye da Turawa. Abin da yake riga shi isowa shi ne rarrabuwar launi: duhu a zagayen baki, ƙarƙashin ido, saman kunci da gefen goshi. Saboda haka yawancin manyan matanmu wurare uku ko huɗu kawai suke buƙatar a daidaita musu, sauran fuskar lafiyarta ƙalau.

Ku riƙa juya kwalba kuna karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. In kun ga glycerin ko hyaluronic acid, suna jawo danshi. In kun ga alcohol denat, wato barasa, a cikin uku ko huɗun farko, wannan zai busar da fuska.

Maman Afnan:
Anti Hauwa, ban yarda da ke gaba ɗaya ba. A Kano muke. Watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ga hijabi ko mayafi, ga ɗakin taro cike da mutane, wani lokacin wuta ta ɗauke. Ga kuma zafin jikin nan da yake taso wa mata a wannan shekarun, gumi ya karyo babu shiri. Mai laushin nan da kike yabo minti talatin ya isa ya narke ya gangaro gefen hanci. Uwar amarya da za ta wuni daga kamu zuwa dina tana buƙatar abin da zai zauna. Double Wear na Estée Lauder ana zarginsa da nauyi, amma yawan da ake zubawa ne matsalar. Ɗigo biyu a bayan hannu, a haɗa da ɗigon man fuska mara maiƙo, a dangwala da jiƙaƙƙen soso. A yi gefe ɗaya a gama kafin a koma ɗayan, don yana saurin bushewa, in ya kama kuma ba ya bajuwa.

Anti Hauwa Mai Kwalliya:
Maganarki tana kan hanya a ranar biki da lokacin bazara, Maman Afnan. Amma Maman Sadiq ta ce kada a gane an shafa, kuma yawancin fita ba biki ba ne: ofis ne, makaranta, barka, dubiya. Sannan ki tuna daga Disamba zuwa Fabrairu. Iskar hunturu tana tsotse fuska har ta yi gautsi, leɓe ya tsage. Ki ɗora mai zama ƙam a kan wannan fatar, sai ya kama kowane ɓawo ya nuna shi, kamar an yi wa tsagaggen bango farar ƙasa. Gaskiyar magana mace a garin nan kwalba biyu take buƙata, ko kwalba ɗaya da dabara biyu. Da hunturu a sirka da mai, a bar hoda. Da bazara da damina a rage man ƙasa, a sa hoda a goshi da hanci da haɓa kaɗai.

Maman Afnan:
A kan kwalba biyu mun haɗu. Hodar ce dai ba zan bari a kore ta gaba ɗaya ba.

Maman Sadiq:
To maganar toka-toka fa? Ita ce ta fi damun mutane.

Anti Hauwa Mai Kwalliya:
Abu uku ne suke kawo ta, kuma kowanne maganinsa daban.

Na farko, an sayi launin da ya fi fata haske. Wannan shi ne ya fi yawa, don mata da dama da gangan suke zaɓar mai haske. Abu mai haske a kan duhu toka yake bayarwa, ba fari ba.

Na biyu, duhun ya yi daidai amma ruwan launin bai yi ba. Mata biyu za su iya zama wankan tarwaɗa, ɗaya fatarta tana ɗaukar rawaya-rawaya, ɗaya ja-ja. Kamfanoni suna nuna wannan da harafi. A L'Oréal True Match da Double Wear, W na mai ɗaukar rawaya ko zinariya ne, C na mai ɗaukar ja ko ruwan hoda, N na tsaka-tsaki. MAC kuwa nasu a juye yake, a nan mutane suke faɗawa rami: NC shi ne na mai rawaya, NW na mai ja-ja. NC45 da NW45 lamba ɗaya ce amma ba fuska ɗaya suke hawa ba. A Fit Me, 330 Toffee, 355 Coconut da 360 Mocha su ne ake yawan nema a nan, sai dai Dewy + Smooth bai kai ɗan'uwansa yawan launuka masu duhu ba, don haka baƙar mace sosai za ta iya rasa nata a ciki.

Na uku shi ne hasken kyamara. Farar hodar nan mai santsi da ake cewa ba ta da launi, yawanci silika ce, tana mayar da hasken filasha. A ido ba a ganin komai, a hoto sai ƙarƙashin ido ya yi fari fat. Man kariya daga rana mai zinc oxide ko titanium dioxide shi ma yana bar wa duhun fata fari-fari. Kafin a fita taron dare a ɗauki hoto da filasha a ɗaki mai duhu, a nan za a gani tun a gida.

Yadda ake gwaji: kada a gwada a bayan hannu, launinsa daban da na fuska. A ja layi uku na launuka uku daga kunci zuwa muƙamuƙi, a fito bakin shago cikin hasken rana da madubi, a jira minti 10 zuwa 15. Jiran nan dole ne, domin wasu suna ƙara duhu ko su koma ruwan lemo bayan sun sha iska sun haɗu da maiƙon fata. Wanda ya ɓace a fatar shi ne naki. In fuska ta fi wuya duhu ko haske, a bi wuya.

Malam Sani Mai Shago:
Hajiyoyi barkanku. Ta ɓangaren masu sayarwa, kafin a yi gardamar wane kamfani, a tabbatar abin da aka saya na kamfanin ne. Duk sunan da ya yi tashe ana buga jabunsa, kuma na waje masu tsada su aka fi bugawa. Ko a Sabon Gari za ku saya, ko a shagunan Zoo Road, ko a wajen masu talla a Instagram, abin dubawa ɗaya ne.

Lambar rukunin da aka buga a gindin kwalba ta zo daidai da ta jikin kwali. Rubutu ya fita tsaf, ba ya gogewa da yatsa, babu kuskuren harafi. A nemi lambar rajistar NAFDAC. A shinshina: warin fenti, ko na kananzir, ko turare mai hawa kai, alama ce mara kyau. In an girgiza kwalba ruwa da launi sun ƙi haɗuwa, ya lalace, ko da na gaske ne, don zafin shago da rana suna ɓata shi. Kuma in an ce muku ga MAC ko Fenty a kuɗin da bai kai rabin na ko'ina ba, ku ajiye. Araha ba ta ado.

Shi ya sa wadda kuɗinta bai kai ba nake ganin gara ta sayi na gida na gaske da ta sayi na waje na bogi. House of Tara tun 1998 suke harkar nan a Legas, Zaron tun 2011, kuma don fatarmu suke haɗa launukansu, ba sai an yi ta laluben mai duhu a ƙarshen layi ba.

Hajiya Rabi Kemis:
Malam Sani ya yi gaskiya, a ƙara da wannan: akwai ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani a jikin kwalba da aka rubuta 6M, 12M ko 24M. Watannin da abin zai yi ne bayan an buɗe shi. Fandeshin mai ruwa yawanci shekara ɗaya ne, maskara wata 3. Manyan mata su suka fi faɗawa wannan, don ba kullum suke shafawa ba, kwalba ɗaya sai ta shekara uku a kan madubi ana fito da ita ranar biki. Daga nan ƙaiƙayi da ƙuraje suke farawa.

Ummi Tarauni:
Anti Hauwa don Allah ku jero mana yadda ake yi daga farko, saboda masu yi wa iyayensu. Kuma firaima, wadda ake shafawa kafin fandeshin, dole ce?

Anti Hauwa Mai Kwalliya:
To Ummi. A wanke fuska da abin wanki mara ƙarfi, ba sabulun wanka mai sa fata ta yi ƙarau ba. Tun da sauran danshi a shafa man fuska. Da rana a bi da man kariya daga rana mai SPF (lambar ƙarfin kariyarsa) 30 ko sama, tsawon yatsu biyu don fuska da wuya. Sai a jira minti 5 zuwa 10. Rashin jiran nan shi yake sa fandeshin ya riƙa murmushewa yana dunƙulewa a ƙarƙashin yatsa. Man kaɗanya a bar shi sai dare, yana da kyau ga fata amma komai aka ɗora a kansa zamewa yake.

Firaima ba dole ba ce. In ramukan fata sun buɗe a gefen hanci, a dangwala kaɗan a wurin kawai. Abin kiyayewa shi ne firaima mai yawan silikon, wadda za ki ji ta da santsi sosai, ba ta cika jituwa da fandeshin mai ruwa-ruwa ba, sai su rabu a fuska ya yi dabbare-dabbare. In ana shakka a gwada su tare a hannu tukuna.

Sai gyaran duhu, kuma a nan aikin yake. Kada a rufe duhun gefen baki da na ƙarƙashin ido da kwansila (abin rufe tabo da duhu) mai haske kai tsaye, toka zai yi. A fara da mai gyara launi: ruwan lemo ga baƙar mace, mai sauƙin lemo ga wankan tarwaɗa da fara. L.A. Girl Pro Conceal suna da duka biyun, Orange da Peach. Ɗigo kamar ƙwayar gero a kowane wuri, a dangwala da yatsa har lemon ya kusa ɓacewa. In har ana ganin lemo sosai, ya yi yawa, zai ɓullo ta cikin fandeshin.

Fandeshin kuma matsa ɗaya, ko kamar ƙwayar wake, ya ishi fuska duka. A fara daga tsakiya, gefen hanci da kunci da haɓa, a baje zuwa waje har ya ƙare da kansa kafin a kai gashi da kunne. Soso a jiƙa shi a matse sosai, a riƙa dannawa, ba gogawa ba. In da burushi ne a bi da shi ƙasa, yadda gashin fuska ya kwanta, don a wannan shekarun ƙananan gashi suna ƙaruwa a haɓa da saman leɓe, in aka goga sama sai su miƙe su ɗauki launi. Goshi mai layuka da gefen ido, abin da ya rage a soso ya ishe su.

Maman Afnan:
Ƙarƙashin ido ku bar min in yi bayani, don nan ne ake ɓata fuskar iyaye. Salon da ake koya a bidiyo, a zana babban kusurwa uku da kwansila mai haske sannan a tula hoda a bar ta ta zauna minti biyar, na 'yan shekara ashirin ne da hasken kyamara. A fatar manya yana ƙara shekara goma. Kwansila ta zama launin fata, ko ta fi haske da mataki ɗaya tak. Ɗigo biyu: ɗaya a lungun ido ta wajen hanci inda duhun ya fi, ɗaya a can gefen waje a ja shi sama kaɗan. Tsakiya, inda fata take tattarewa, a bar shi da abin da ya bazu. A jira minti ɗaya, a ce ta kalli sama, a danne layin da ya taru da yatsa, sannan a ɗauki hoda da ƙaramin burushi, a kakkaɓe shi a bayan hannu har sai kamar babu komai, a taɓa sau biyu.

Hodar kuma a duba launinta. Sacha Buttercup, ta ƙasar Tirinidad, rawaya ce, tana hawa wankan tarwaɗa da kyau, amma a baƙar mace sosai in ta yi yawa sai wurin ya yi haske daban. Gara hoda mai ruwan ƙasa daidai fatarta. In gumi ya zo a wurin taro kada a ƙara hoda a kansa, caɓewa zai yi. A danna tishu a ɗauke gumin, a yi fifita, in ya bushe sannan a taɓa hoda a hanci.

Maman Sadiq:
Akwai abin da ba a taɓo ba: alwala. Mai fita tun safe za ta yi azahar da la'asar a waje. Ga kuma hijabi da yake kwashe rabin kwalliyar.

Anti Hauwa Mai Kwalliya:
Hukuncin abin da yake hana ruwa taɓa fata na malamai ne, a tambaye su. Abin da zan iya faɗa ta fuskar kaya shi ne, duk wanda aka rubuta masa waterproof ko aka ce yana awa 24 a fuska, an haɗa shi ne ya yi shimfiɗa a kan fata wadda ruwa ba ya ɗagawa. Double Wear yana cikinsu, kuma Face and Body ɗin da na yaba, duk da rashin kaurinsa, shi ma an yi shi ne ya jure ruwa. Mai son ta wanke ta sake cikin sauƙi ta tsaya a kan mai gyara launi da kwansila a wuraren duhu kawai, da 'yar hoda. Wannan minti uku ya isa a goge a sake shi. Ta riƙe abin goge kwalliya da ƙaramin man fuska a jaka, don in an wanke fuska da hunturu aka mayar da kwansila babu mai, tsagewa za ta yi.

Hijabi kuwa, a tsayar da fandeshin kamar faɗin yatsa ɗaya kafin inda bakin hijabin yake zama, a ƙarƙashin haɓa ma kada a sa. A fesa ruwan zaunar da kwalliya daga ɗan nesa da fuska, a bari ya bushe sarai kafin a zura hijabi. Mai yawan barasa a cikinsa yana riƙewa sosai amma yana busarwa, a ajiye shi don bazara.

Hajiya Rabi Kemis:
Akwai rukunin matan da duk wannan bayanin ba zai yi musu aiki ba sai an gyara ƙasa, wato waɗanda suka daɗe suna shafa man bilicin. Mai sitiroyid irin su clobetasol yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, fuska ta yi ja, ga ƙuraje. Hydroquinone in an daɗe ana shafa shi yana iya kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kunci wanda yake da wuyar magani. Irin wannan fuskar launi uku take da shi, babu kwalba ɗaya da za ta dace da ita, kuma fatar tana saurin yin zafi da kayan da suke da turare. A ga likitan fata, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano. Wadda ta daɗe a kan mai sitiroyid kada ta yanke shi rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba, fuskar tana iya tashi.

Wani abin amfani ga masu duhun saman kunci: launin fandeshin daga iron oxides ake samunsa, kuma suna tare hasken rana na fili wanda yake ƙara wa masu duhun fata tabo. Wato siririn fandeshin a kan man kariya yana taimakawa. Amma SPF ɗin da aka rubuta a kwalbar fandeshin kada a dogara da shi, ba a shafa yawan da zai kai wannan lambar.

Dilka da halawa kuma a yi su kwana biyu ko uku kafin taro, kada a dirje fuska ranar. Kurkur yana barin rawaya da zai sa launin da aka saya ya ƙi hawa.

Ummi Tarauni:
Hajiya, kwalli fa? Iyayenmu ba sa yarda su fita babu shi.

Hajiya Rabi Kemis:
Kwallin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, da yawansa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano daga kwallin da aka kawo daga Najeriya ne, wanda dalmar da ke cikinsa ta haura kashi 80 cikin 100. Babba ma ba a so, balle a ɗauki mashafin a sa wa jika. Fensirin ido na kamfani mai rajista ya fi aminci.

Maman Afnan:
Ko ta fuskar kyau ma, baƙi wuluk a zagaye ido duka yana ƙanƙantar da shi, kuma in fatar ƙasan ido ta saki sai ya zubo ya ƙara duhun da aka sha wahalar rufewa. A sa fensir a gindin gashin ido na sama, a cike tsakanin gashin, a bar ƙasa ko a ɗan taɓa kashi ɗaya cikin uku na waje da ruwan ƙasa mai duhu. Fatar saman ido in ta sauko, kada a ja dogon wutsiya, karyewa take yi a cikin ninkin. Mai ƙyalƙyali kuma yana nuna duk tattarewar da ke wurin, a yi amfani da ruwan ƙasa mara ƙyalli.

Gira ita ce take saurin tona kwalliya. Tana yin sako-sako da shekaru, musamman wutsiyarta. Jagira mai ruwan ƙasa mai duhu, siririn baki, a riƙa jan ƙananan layuka yadda gashin yake tafiya, a taje. Kada a zana ta da baƙi, kada kuma a zagaye ta da kwansila mai haske. Wutsiyar kada ta sauko ƙasa da inda kan girar ya fara, tana sa fuska ta yi kamar mai jin barci.

Anti Hauwa Mai Kwalliya:
Saura kunci da leɓe. Fandeshin yana shafe ɗan jan da fuska take da shi, shi ya sa wata za ta gama ta ga kamar ba ta da lafiya. Jan kunci mai maiƙo-maiƙo ya fi na gari, launin jan bulo ko ruwan goro ga masu duhu. A sa shi a saman ƙashin kunci a ja zuwa wajen kunne, ba a tudun da yake fitowa in an yi murmushi ba, don da an saki fuska tudun nan ƙasa yake komawa. In babu, jan bakin da za a shafa ma ya isa, a dangwala da yatsa.

Jan baki mai ruwa da yake bushewa ƙam a bar wa yara. Yana shiga tsagar leɓe, da hunturu kuma har ɓarewa yake. A shafa man leɓe tun lokacin da ake shafa man fuska, a goge rarar kafin a fara, a zagaye da fensir mai ruwan ƙasa don kada launin ya bi ƙananan layukan saman leɓe ya haura, sannan a sa mai laushi. Mai baƙin leɓe in tana son launin da bai fita sosai ba, ta zaɓi mai ɗaukar ruwan ƙasa ko ja-ja. Mai haske irin na Turawa fari yake yi mata.

Maman Sadiq:
Malam Sani, ana samun ɗan na gwaji kafin a sayi babbar kwalba?

Malam Sani Mai Shago:
Shagunan da suka san aikinsu suna ajiye buɗaɗɗiyar kwalba ta gwaji, Hajiya. Ku zo da safe ko kafin la'asar saboda hasken rana, fuska babu hoda, an shafa man da aka saba shafawa. Ku sa a ɗiga muku a bayan hannu ku ɗauka da yatsanku, kada ku yarda da soson shago da kowa ya taɓa. In an shafa a muƙamuƙi ku tafi sauran cefanenku, ku duba madubi bayan awa ɗaya ko biyu, in ya zauna ku dawo ku biya. Masu ɗura fandeshin a ƙananan robobi suna sayarwa kuwa, ba ku da hanyar sanin abin da ke ciki ko yaushe aka buɗe uwar kwalbar, sai dai in a gabanku aka ɗiba.